Yarinyar da Ta Ce Ta Ƙoshi

Larabcin da na kwaso daga Haɗeja na littafi ne, kuma tun ranar farko Khartoum ta nuna mini cewa littafi daban, titi daban. Na tsaya gaban wani mai motar haya na zayyano masa jumla da wasullanta cif-cif, irin wadda malaminmu zai ce madalla. Mutumin ya saurara har na kai aya, sannan ya ɗaga hannu biyu ya ce amin, ya tuntsire da dariya. Da ya buɗe baki ya yi nasa Larabcin kuwa, ko kalma guda ban tsinta ba. 'Yata Nana tana riƙe da gefen hijabina tana kallona, ita a tunaninta babu abin da uwarta ba ta sani ba a duniya.

Karatu ne ya kai ni, digiri na biyu a kan koyar da ƙananan yara. Baban Nana aikinsa ba ya barin sa ya motsa, don haka daga ni sai ita. Ita ɗin ma da ƙyar aka ba ni. Sunan surukata Hajiya ta ci, shi ya sa muke ce mata Nana, kuma Hajiya ba ta ɓoye ba cewa ba ta ga dalilin ɗauke mata takwara a kai ta inda ba dangin iya bare na baba. Sharaɗi ɗaya aka kafa mini: in ƙasar ba ta karɓi yarinya ba, a dawo da ita. Na amsa da saurina. A lokacin gani nake me zai hana ƙasa karɓar 'yar shekara biyar mai surutu kamar aku. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, in aka ɗauke ta, ni ma karatun ya ƙare, don na san kaina, ba zan iya kwana a garin ba ita ba.

Zangonmu na farko Aljirif ne, can bakin kogi inda ake gasa jan bulo. Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya samo mana ɗaki a wurin. Kullum hayaƙi na tashi daga wajen gashin bulon, kayan shanyarmu har ƙauri suke yi. Maƙwabtanmu na dama mutanen ƙauye ne da zama ya gagara a garinsu suka dawo birni, mazan suna buga bulo, matan suna wanki a gidajen masu hali. Ba su da komai, amma ba za ki gifta ƙofarsu ba sai kin ji "itfaddali", wato bismillah, zo ki ci.

Mu a gida tayi gaisuwa ne. An ce miki bismillah, ki ce alhamdulillahi, a ci lafiya, kowa ya fita kunyar kowa. Wadda ta zauna ta miƙa hannu daga tayin farko, ranar sai an yi da ita a bayan ido. Haka aka rene ni, haka na reni Nana: ba a cin abincin mutane, ba a kallon bakin mai ci, in an ba ki ki ce kin ƙoshi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Hajiya ma sai da ta riƙe mata kunne ta maimaita mata wannan karatun kafin mu taso. To, sai na dinga dafa ƙirji ina cewa na ƙoshi. Abin da ya ɗaure mini kai, sai su sake, har da rantsuwa, wata har ta cafke mini hannu sai da na fizge cikin dabara. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun iya tayi. Bayan 'yan makonni tayin ya ragu, gaisuwar ma ta gajarce. Na ce to, ɗokin baƙo ya ƙare, dama haka duniya take.

A layinmu akwai rauda, makarantar ƙananan yara, a tsakar gidan wata malama, Ustaza Ihlas. Doguwar mace ce mai fara'a, tana zaune da mahaifiyarta da ƙanwarta da 'yan'uwanta maza. Muka shirya da ita Nana za ta wuni a wurinta har la'asar, don kafin in fito daga aji in yi fama da motoci rana ta yi sanyi. Kullum da safe sai in cika mata ɗan kwanonta da wake da shinkafa da mai da yaji, wata rana ƙosai, wata rana dambu. Kullum da yamma kwanon ya dawo wanke tas. Ina ganin kwanon sai hankalina ya kwanta.

Amma yarinya sai ramewa take. Wuyanta ya yi tsawo, siket ɗinta ya fara zamewa sai na sa masa allura. In mun dawo gida ta ɗan taɓa abinci sai barci ya kwashe ta da loma a hannu. Babban abin da ya tsorata ni shi ne shirun. Nana da sai an roƙe ta ta rufe baki, ta koma sai gyaɗa kai da girgiza shi. Na kai ta asibiti aka duba jini aka duba komai, likita ya ce lafiyarta ƙalau, a dai ba ta abinci. Na ce masa abinci kuma? Kwano guda take cinyewa. Ya dube ni ta saman tabarau.

Wata la'asar Ustaza ta tare ni a ƙofa, ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce 'yarki ba ta cin abinci da yara. Ni kuwa wani daɗi ya kama ni, na ɗauka yabo ne, wato ba ta leƙa kwanon kowa. Na gyara tsayuwa na ce mata alhamdulillahi, tarbiyyarmu ke nan, ni na hana ta. Sai na ga fara'ar ta gushe daga fuskar matar kamar an ɗauke wuta. Ta ce to, yadda kika ga dama, ta juya ciki. Na tafi ina saƙe-saƙe, har na fara zargin ko yaran ne suke tsangwamar Nana don baƙuwa ce, malamar kuma tana rufa musu asiri.

A ranar Juma'ar nan Baban Nana ya kira ta bidiyo, Hajiya na gefensa. Na sa mata riga mai faɗi, na shafa mata hoda, duk a banza. Hajiya ta kai fuskarta jikin wayar har ba na ganin komai sai goshinta, ta yi salati, ta miƙa wa ɗanta waya. Daga baya ya kira ni shi kaɗai. Ya ce yayansa Alhaji Sabo zai shigo sarin turare da abaya nan ba da jimawa ba, in ya zo ya ga yarinya haka, zai taho da ita. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A Suk al-Shabi nake canza mota, tashar da in ba ki riƙe hankalinki ba sai ki tsinci kanki a motar wani gari. A nan wata rana, muna dawowa daga asibiti karo na biyu, na ji an ce, "Ke, matsa da ƙafarki, za ki zubar mini da nono." Da Hausa. Na waiwaya kamar wadda aka kira da sunan yanka. Wata tsohuwa ce zaune gaban ƙwarya tana dama godogodo, wani abu mai kama da furarmu. Sunanta Hajja Asha'u. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noma, ya yi aure, Makka ba a je ba, gida ba a koma ba. Hausarta rabi da rabi ce, ta faro da tamu ta dire da Larabci, kuma akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai.

Na durƙusa na gaishe ta har da ƙwalla, na ce yau na ga 'yar gida. Ta ce a'a, ita Basudaniya ce, a Omdurman aka yanke mata cibi, ni ce baƙuwa. Can kuma sai ta tambaye ni ko har yanzu kukar nan tana nan a bakin kasuwar garin kakanta, wadda ya ce inuwarta na ɗaukar ayari guda. Ban taɓa zuwa garin ba, amma na ce tana nan. Ta ce ai ta sani.

Ta ɗebo godogodo a kofi ta miƙo mana. Na ce alhamdulillahi, yanzu muka ci abinci. Nana ta mai da hannuwanta baya. Tsohuwar ta taɓe baki ta ce ku Hausawan Nijeriya girman kai gare ku, ko ruwa ba kwa sha. Na yi dariya, na ɗauka wasan jika da kaka ne. Da na ba ta labarin ramar, ta buɗe idon Nana ta leƙa, ta ce sauyin ruwa ne, ya bitti, wato 'yata, a jiƙa ƙasar bakin kogi a tace a ba ta, kalas, shi ke nan. Ni da digirina na je na ɗebo ƙasar. Nana ta sha ba musu, ba abin da ya sauya.

A aji wani malaminmu ya taɓa cewa yaron da ya ƙi magana da mutane yakan yi magana da hoto. Wannan ce ta kai ni Kasuwar Libiya, can ƙarshen Omdurman, neman littafin yara mai hotuna. Kasuwar ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Na bi layin barguna na ɓullo layin rediyo, na tambayi hanya aka nuna mini gabas, na sake tambaya aka nuna mini yamma, kowa kuma da tabbacinsa. Sai da ƙafafuna suka yi nauyi na samu wani mai tebur a tsakanin masu jakunkunan makaranta. Cikin kayansa na hango littafi a naɗe cikin leda, a bangonsa wata yarinya ce riƙe da akwati. Na ce wannan ai Nana ce. Na nemi in buɗe, ya ce in an yage leda an saya. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa labarin har manya yake sa kuka. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Da muka buɗe a gida, shafukan farko lafiya lau. Yarinya ta yi sallama da kakarta, ta sauka a wani gari mai dogayen gidaje, an ajiye mata wani abinci a gaba tana kallonsa. Na juya shafi, fari fat. Na sake juyawa, fari. Har bango na baya babu ko ɗigon tawada. Ashe irin wanda injin buga littafi ya lalata ne aka kwaso aka naɗe a leda don irina. Na zauna riƙe da shi, takaici ya hana ni ko tsaki. Sai na ji 'yar murya a kafaɗata.

"Umma, sai me ya faru?"

Rabon da in ji jumla cikakkiya daga bakinta har na manta. Na ce mata bari in gaya miki abin da ya faru. Washegari na sayo fensir mai launi, na fara cike fararen shafukan da hannuna, bayan sallar asuba da ranakun hutu. Ni ba gwanar zane ba ce, akuyata da karena sai na rubuta suna a ƙasa ake bambance su. Amma na dage. Na mai da yarinyar baƙa, na yi mata kitso. Na zana mutanen garin suna miƙo mata abinci iri-iri, ita kuma ta mai da hannuwa baya cikin ladabi ta ce ta ƙoshi. Shafi na gaba wasu suka miƙo, ta ce ta ƙoshi. A ƙarshe ta koma gida ta tarar da malmalar tuwo da miyar kuka da man shanu, kakarta na shi mata albarka. Shafi ɗaya ya rage fari, na rasa abin da zan sa na bar shi. Ni dai a ganina na yi littafin tarbiyya, irin wanda zai nuna wa yarinya ko a ina take ta san daga inda ta fito. Nana ta so littafin, da shi take kwana. Sai dai ba ta sake tambayata komai ba.

Ta fara tafiya da shi rauda, Ustaza ta gani, ta aiko a ce in zo ranar Alhamis in karanta wa yara. Na ci ado na tafi, har ina tunanin yadda zan sa wannan a cikin kundin bincikena. Yaran suka zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa, ina karantawa da Larabcina na littafi, Ustaza tana mayar musu da nasu. Da farko suna ta dariyar akuyata. Da muka zo inda yarinyar ta ce ta ƙoshi, wani yaro ya tambaya ko ba ta da lafiya ne. Na ce lafiyarta ƙalau. Shafi na gaba wata ta tambaya me mutanen suka yi mata take fushi da su. Na ce ba fushi take ba, ladabi ne. Ustaza ta fassara, yaran suka kalli juna. Wata 'yar ƙarama mai gibi ta ce a'a, ƙyamar su take yi, gani take hannunsu da datti. Sannan ta nuna bayan rumfa da yatsa ta ce, "Kamar Nana."

Kafin in tattaro abin da zan ce lokacin fatur ya yi, karin kumallonsu da suke yi da hantsi. Ustaza ta ce in zauna in gani. Aka kawo wani faffaɗan tire da suke kira siniyya, kowane yaro ya kawo abin da uwarsa ta ba shi aka juye a kai: wake dafaffe, burodi, ƙwai, cuku. Aka buɗe kwanon Nana aka juye wake da shinkafata a tsakiya. Yaran suka yi mata caa, kafin ƙiftawar ido ta ƙare, wani har yana hura baki don yaji yana ƙara kai hannu. Ashe watanni ni nake ciyar da 'ya'yan Aljirif. Nana kuwa tana can jikin randa a tsaye, hannuwanta a baya. Da abincinta ya taɓa na wasu ya zama abincin mutane, abincin mutane kuwa an hana ta.

Ustaza ta ce ta sha ware mata nata a gefe, sai yara su kewaye ta suna miƙo mata nasu, ita kuma ta rufe kwanon. Ta ce ranar da ta gaya mini na ce ni na hana, ta kwana tana tunanin me na gani a gidanta. A wurinsu, in ji ta, wanda ya ƙi cin abincinka ya ce ba ya son zama da kai ke nan. Na so in yi mata bayanin kunya da kawaici, na duba Larabcina kaf ban sami inda zan kama ba. Kunyar ce ma ta rufe ni, na rasa ta wa zan fara ji, ta malamar ko ta 'yata.

Na ɗauka an gama, tunda an gano ciwo. Ina! Na zaunar da Nana na ce daga yau ki ci da yara. Ta dube ni kamar na ce ta taɓa wuta. Na lallashe ta, na yi faɗa, na ce Hajiya ma ta yarda, Allah Ya yafe mini wannan. Ta gyaɗa kai, da aka koma rauda ta koma jikin randa. Ni kaina a rikice nake. Abin da na shekara biyar ina dasawa na ce alheri ne, yau ina cewa ta tumɓuke, kuma in ta tambaye ni dalili ban da amsar da ta wuce nan ba can ba ne.

Ana haka Alhaji Sabo ya iso. Ya zo Aljirif da tsarabar kuka da daddawa, ya ɗaga Nana sama, na ga yadda fuskarsa ta canza da ya ji rashin nauyinta. Na fara yi masa bayani, ya ce Maman Nana, ni aike ne, abin da idona ya gani shi zan faɗa. Ya ce in haɗa mata kaya da fasfonta, ranar Asabar da la'asar in ya gama ɗaure kayansa a Kasuwar Libiya zai biyo ya ɗauke ta.

Ranar Asabar ɗin ban je aji ba. Ina ninke 'yan rigunanta ina share hawaye da gefen mayafi don kada ta gani, ita kuma tana kwance rub da ciki da littafin da fensiran. Da zan sa littafin a jaka na ga ta cike shafin da na bari. Ta zana wani ƙaton da'ira, mutane sun kewaye shi. Na gane Ustaza da tsawonta, na gane mai gibi, ga Hajja Asha'u da ƙwaryarta, ga maƙwabciyarmu da ta taɓa cafke mini hannu. Can a kusurwar shafin, nesa da kowa, mutum biyu a tsaye, babba da ƙarama, ba su da hannuwa. Na tambaye ta su wane ne waɗannan.

"Mu ne."

"Ina hannayenmu?"

"Suna baya. Mun ƙoshi."

Tun da muka sauka a ƙasar nan yarinyar ba ta taɓa ganin loma ɗaya ta wani ta shiga bakina ba. Ina ta ce mata ci, ita kuwa ba bakina take saurare ba, hannuna take kallo.

Na ja ta muka fita, ko fuska ban wanke ba. Lokacin abincin ranarsu ne, wanda suke ci dab da la'asar. Na yi sallama a gidan Ustaza, na tarar da matan gidan sun kewaye siniyya a inuwa. Suka amsa. An daina yi mini tayi tuntuni, kuma ni a rayuwata ban taɓa shiga gidan mutane na tsaya a kan abincinsu ba. Na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Mahaifiyar Ustaza ce ta ɗago ta ce "itfaddali", a gajarce, irin na wanda ya san amsar da za a ba shi.

Na cire takalmi na zauna.

Kisra ce, wani abu falle-falle kamar takarda, an zuba mata miya. Na gutsuro yadda na ga suna yi na kai baki. Tsami ya doke ni har cikin kunne, na ce yau na shiga uku. Amma miyar, jama'a, miyar busasshiyar kuɓewa ce. Ita dai, da yauƙinta da komai, wadda nake ta kewarta ina cewa sai na koma gida, ashe kullum ana kaɗa ta a bayan katangata. Na haɗiye, na ƙara. Sai tsohuwar ta turo mini tsokar nama gabana da yatsa. Ban kalli Nana ba, don na san in na kalle ta za ta fasa. Ina dai jin ta a jikin kafaɗata. Can sai na ga ɗan hannu ya zuro ta ƙarƙashin hammatata ya gutsuri kisra. Ta tauna, ta yamutsa fuska ta ce da tsami. Na ce ƙwarai kuwa. Ta sake kai hannu.

Alhaji Sabo ya zo bai same mu a ɗaki ba, yara suka rako shi gidan. Ko sallama bai gama ba 'yan'uwan Ustaza suka yi ram da shi, ɗaya har yana rantsuwa da igiyar aurensa sai ya ci. Shi da ya saba da ƙasar bai yi gardama ba, ya naɗe hannun riga. Da ya gama aka kawo masa Nana, kuɓewa har gwiwar hannu, tana rigima da ƙanwar Ustaza a kan ƙashi, rabi da Hausa rabi da wani Larabci da ban san tana da shi ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ciro waya ya koma gefe ya kira gida, na ji yana cewa a ƙara mata lokaci zuwa hutu a gani, shi dai ga abin da ya tarar. Jakar da na haɗa ni na kwance ta da hannuna. Washegari a tasha na shanye kofin godogodon Hajja Asha'u, ta ce ai ta gaya mini ƙasar bakin kogi ba ta ƙarya.

Duk wannan kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar ne. Mun gama mun dawo, lambar Ustaza kuwa ta daina shiga, ban san inda ita da tsohuwarta suke ba, kullum suna cikin addu'ata. Nana ta dawo Haɗeja da kumatu, ta kuma dawo mini da sabuwar magana. In baƙuwa ta shigo muna cin abinci ta ce alhamdulillahi ta ƙoshi, sai yarinyar nan ta riƙe mata zane ta ce ba ta isa ba. In ta shiga maƙwabta aka yi mata tayi, zama take ta wanke hannu. Hajiya ta kira ni ɗaki ta tambaye ni ko abin da na je koyowa ke nan, a mai da mata takwara makwaɗaiciya. Har yau in aka ce in faɗi wanne ne daidai, na can ko na nan, sai in yi shiru, don duka biyun na ga inda suka yi rana.

Littafin kawai na ɗauko na ba ta. Ta juya har shafin ƙarshe ta tsaya. Fensir mai launi ba ya goguwa, don haka Nana ba ta iya matso da mu cikin da'irar ba. Muna nan a kusurwarmu, ni da ita, inda ta fara ajiye mu. Sai dai wani lokaci da ban sani ba ta koma ta yi mana hannuwa, dogaye, sun ratsa shafin gaba ɗaya, sun bi ta tsakanin Ustaza da mai gibi sun shiga cikin tiren.

Hajiya ta bi hannun da yatsa tun daga kafaɗa har cikin abincin. Ta ce wannan hannu ai ya yi tsawo da yawa. Nana ta ce da nisa ne.